Rundunar Baba Ba Ta Taka Shuka

Haihuwata ta fari a gidanmu na yi ta, a Yola ta Karaye. Cikin yana wata takwas aka ɗauko ni daga Zoza, inda nake aure, aka kawo ni wurin Inna goyon ciki. Ranar da maigidana ya rako ni, da zai koma sai ya bar mini babbar wayarsa, mai faɗin nan da yake nuna wa ɗalibansa hotuna da ita, wai in riƙa rage zaman shiru. A ɗakin Inna ko sabis sai an ɗaga hannu sama ake samu. Abu ɗaya ne a cikin wayar da ba ya neman sabis, wani gem na yaƙi da na sha yi masa tsiya a kansa, ina cewa malami guda da gemunsa ya zauna yana kiwon dodanni.

Ba a yi mako ba ni ma na faɗa kiwon dodannin.

Gem ɗin ƙasa ake ba ka, da gari ɗaya da 'yar runduna. Akwai 'yan baka, akwai masu masu, akwai mahaya, akwai wasu ƙattin Samudawa masu jifa da duwatsu, sannan akwai wani boka mai doguwar hula da yake kiran wuta daga sama. Kana tura rundunar a kan taswira, idan ta ci karo da ta abokan gaba sai komai ya tsaya, maɓallai biyu su fito. Na hagu, wanda maigidana yake kira oto, idan ka danna shi wayar ce za ta auna ƙarfin ɓangarorin biyu, ta yi lissafinta a ɓoye, kafin ka ƙifta ido ta ce ka ci ko an ci ka, ga yawan waɗanda suka mutu. Na dama kuwa fagen yaƙin ake sauke ka, ka ga tudu da kwari da kogi, ka jera mutanenka da yatsa, ka ce wannan ya tsaya nan, wancan ya zagaya can.

Ni oto nake dannawa. Kafin haihuwa ƙiwa ce ta sa, bayan haihuwa kuma dole ce, don hannu ɗaya yana riƙe da jaririya. Ga wankan jego safe da yamma, Inna tana fyaɗa mini ruwan zafi da ganyen darbejiya har sai na ji kamar an dafa ni, ga kunun kanwa da ake tsare ni sai na shanye. Wa yake da lokacin jera 'yan baka? Sai dai har yau ban gane yadda oto yake lissafinsa ba. Wata rana ma'aunin zai nuna na fi ƙarfi nesa ba kusa ba, in danna, a ce rabin mahayana sun tafi. Wata rana in shiga ina addu'a, a ce na ci babu ko ƙwarzane. Na daina tambaya, na ɗauke shi kamar ruwan sama.

Babanmu mai unguwa ne tun kafin a haife ni. Wata huɗu kafin zuwana hawan jini ya kayar da shi a ƙofar masallaci, ɓarin jikinsa na dama ya yi nauyi. Magana ta dawo sarai, amma hannun ya ƙi rufuwa sosai, ƙafar kuma jan ta yake yi. Ƙaninsa, Baffa, shi yake zaman zaure a madadinsa. Baba kuwa da hantsi ake shimfiɗa masa tabarma a rumfar tsakar gida, a ba shi wata ƙwallon roba da likita ya ce ya riƙa matsawa. Ya tsani ƙwallon nan. Ni ce auta, ba ma kunyar juna kamar yadda yake yi da yayata, don haka bayan an yi suna, nan nake fitowa in zauna kusa da shi. Yana ɗora jaririyar a cinyarsa ta hagu yana ce mata amaryarsa, yana mata ƙorafin ta zo ta tarar da ango ya tsufa.

Wata rana ina cikin gem ɗin sai na ji numfashinsa a kafaɗata. Ya ga maɓallan sun fito, ya ga na danna, ya ga tutar nasara ta tashi.

"Auta, yanzu me aka yi?"

"Yaƙi aka yi, Baba. Mun ci."

"Yaushe?"

"Yanzun nan."

"Wannan lambar ja fa?"

"Waɗanda suka mutu ne. Ɗari da arba'in."

Ya ajiye ƙwallon. "Mutum ɗari da arba'in. A ina suka tsaya? Wa ya ce su tsaya a wurin?"

Na ce masa babu wanda ya ce, wayar ce ta yi lissafi. Ya dube ni irin kallon da yake yi wa mutumin da ya zo zaure da shaidar ƙarya. Ya ce ke nan ina zaune a inuwa, ban ga wurin ba, ban san ko akwai rami ko babu ba, na sa hannu an kashe mini mutane. Na yi dariya na ce ai ba mutane ba ne, zane ne. Ya ce ya sani, ba yaro ba ne shi, amma in nuna masa ɗaya maɓallin.

Duk wanda ya san Baba ya san ƙa'idarsa ɗaya. Ba ya yanke rigimar gona a zaure. Ko da takarda, ko da shaidu goma, sai ya je ƙafarsa ta taka iyakar. Tun ina ƙarama nake ganin sa yana dawowa da ƙaya a bakin wando, Inna tana faɗa tana cirewa. Shi ya sa ban yi mamaki ba da ya karɓi wayar ya jingina ta da matashi, ya fara tura mutane da yatsan hagu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda yake yaƙin.

Kafin ya taɓa soja ko ɗaya sai ya zagaye filin kaf. Ya leƙa bayan tudu, ya bi bakin kogi, ya tambaye ni wannan itacen na mene ne, kamar ni na dasa. In ya ga kwari mai kore shar, ba zai sa doki a ciki ba, wai fadama ce, ƙasar za ta riƙe kofato. Na ce masa gem ɗin bai san fadama ba, kore kawai aka shafa. Ya ce in bar shi, ya fi ni sanin ƙasa. Bokan nan kuwa, wanda shi ne ƙarfin rundunar gaba ɗaya, can baya yake kai shi ya ajiye kusa da kayan abinci.

"Baba, shi ne fa yake ƙona su da wuta."

"Ba ruwana da boka. Ya zauna ya yi gadin buhuna."

Idan abokan gaba suka juya da gudu, ba ya bari a bi su, wai wanda ya juya baya ya riga ya ba da haƙuri. Su kuma su je su huta su dawo mana. Amma babbar matsalarmu gonaki ce. Masu gem ɗin sun zana gonakin alkama nan da can don filin ya yi kyau, sojoji suna ratsa su kamar babu komai. Baba ya ce rundunarsa ba za ta taka shukar mutane ba. Sai ya zagaya da su ta kan duwatsu, su isa a gajiye, abokan gaba sun riga sun hau tudu sun jira. Na yi bayani har na gaji. Na ce babu manomi a cikin wayar nan, babu wanda zai kawo ƙara. Ya ce da ma ba don ƙara ake barin gonar mutum ba.

Yana cin yaƙi wani lokaci, ban hana masa ba. Amma a hankali yake, hannu ɗaya ne, kuma na hagu. Kafin ya juya mahaya an riga an afka wa 'yan baka. Mutanen da yake rasawa sun fi waɗanda oto yake rasa mini, na lura da haka tun kwana na uku. Shi kuwa bayan kowane yaƙi sai ya bi ƙungiyoyin ɗaya bayan ɗaya ya ga wa ya ragu. Akwai wata ƙungiyar masu masu da muke da ita tun ranar farko, tutarsu har ta yage. Ya sa musu suna dattawa. Ba ya sa su a gaba sai dole, in sun ji jiki ya janye su ya ba su hutu. Ni ban taɓa sanin ma ana iya gane wata ƙungiya daga wata ba.

Inna ta ce tunda ya kwanta ba ta ga ya manta da ƙwallon roba da kuma ciwon gaba ɗaya ba sai yanzu. Har hannun daman ya fara ɗorawa a gefen wayar yana tare ta. Don haka na sakar masa, ina zaune ina shayarwa ina cizon yatsa, ina kallon ana karkashe mana 'yan baka saboda alkamar da babu mai ci.

Ana cikin haka maganar gonar ta taso. Wasu 'yan uwa biyu ne, 'ya'yan wa da ƙani, iyayensu suka gaji gona ɗaya a bayan gari aka raba musu tun Baba yana saurayi. Iyayen sun rasu, gambar da aka dasa a kan iyaka wuta ta cinye ta shekarun baya, kowa ya riƙa matsawa da garmarsa kaɗan kaɗan. Bana abin ya kai ga ɗaga fartanya. Ga zafin bazara ya kai ƙarshe, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kowa ya san in ruwan fari ya sauka ba a raba su ba, za su yi shuka a kan juna.

Baffa ya shigo da yamma ya durƙusa ya gaida Baba, suka daɗe suna gaisawa kamar ba jiya suka rabu ba. Sannan ya ce ya riga ya sa malamin gona ya zagaye gonar da waya, ya auna faɗinta, ya raba biyu daidai, an kafa turke a inda lissafi ya nuna. Abin da ya rage a kira su zaure a gaya musu.

"Yaya, ba sai ka wahalar da kanka ba. Dagaci ma ya ce in jikin bai ba da dama ba, in ƙarasa kawai."

Na ga Inna ta tsaya da tankaɗen da take yi. Ko ni da ba na shiga sha'anin zaure na gane abin da ke cikin maganar. In aka yanke rigimar gona a unguwar nan ba tare da ƙafar Baba ta taka ba, to an gama, saura kawai a sa rana a naɗa wa Baffa rawani. Baffa ba mugu ba ne, kuma ba ya ƙwaɗayin kujerar, na san wannan. Shi ma a takure yake. Baba ya ce a ba shi kwana biyu.

A kwana biyun nan ne muka iso wani mashigin kogi a gem ɗin. Hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya zuwa mashigin, kuma gonaki ne dama da hagu har bakin ruwa, hanyar ba ta ɗaukar runduna sai an bazu cikin alkama. Baba ya jera su ɗaya bayan ɗaya a kan siririyar hanyar kamar masu zuwa ɗaurin aure. Aka tsince su da kibiya. Ya janye, ya sake shiri, ya zagaya ta duwatsu, ƙaton ƙadangaren abokan gaba mai fuka-fuki ya sauko ya yi musu aman wuta. Ya sake janyewa. Sau uku. A na ukun na ga yana danna wuri ɗaya a kan gilashin, wayar tana ɗaukar wani. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Da aka kira azahar ya ajiye ta, ya dafa bango ya tafi alwala.

Wayar tana nan a kan tabarma, maɓallai biyu suna kallona. Zan so in ce tausayi ne ya sa na yi abin da na yi, kuma akwai tausayin. Amma akwai haushi ma. Gem ɗina ne, rundunata ce, na gaji da ganin ana asarar ta a kan ladabi. Na miƙa yatsa ta saman kan jaririyar na danna na hagu.

Tuta ta tashi. Mun ci mashigin.

Daɗi ya kama ni na ɗan lokaci, har na fara shirya yadda zan ce masa ya ga ni. Sai na duba jerin ƙungiyoyin, abin da ban taɓa yi ba kafin ya koya mini. Dattawa babu su. Ko mutum ɗaya bai ragu ba. Oto bai san dattawa ba ne, ya ga masu masu, ya sa su a gaba inda ake sa masu masu. Na nemi hanyar komawa baya, ashe gem ɗin yana adana kansa bayan kowane yaƙi.

Da ya dawo ya zauna ya ɗauki wayar, ya daɗe yana kallo. Ya ga rundunar a ƙetaren kogi. Ya ga bokan ya sami ƙarin girma, har an sa masa tauraro a hula. Ya bi jerin da yatsa har ƙasa, ya sake dawowa sama.

"Ta ina suka bi?"

"Ban sani ba, Baba. Ba ya nunawa."

"Dattawan fa, a ina suka faɗi?"

"Ba ya nunawa."

Ya gyaɗa kai, ya miƙo mini wayar da hannu biyu, mai lafiyar da marar lafiyar, ya ɗauki ƙwallon robarsa. Da faɗa ya yi mini da na ji sauƙi, don ina da amsa a bakina: sau uku ka gwada, ni sau ɗaya. Amma bai ba ni inda zan ajiye amsar ba. Na koma ɗaki ina jin na yi laifi, ina kuma jin ni ce da gaskiya, na rasa wanne zan riƙe. Inna ta tambaye ni me ya faru, na ce wasu sojoji ne suka mutu, ta ce Allah ya shirye mu ni da uban nawa.

Washegari da sassafe ya sa aka kira Baffa, ya ce a nemo babur, za shi gonar. Inna ta yi magana, ya ce ta ɗauko masa babbar riga. Na tsaya a bakin ƙofar ɗaki ina kallo aka ɗora shi, mutum ɗaya a gaba, Baffa a baya yana riƙe da shi. Ban yi arba'in ba, babu inda zan je, don haka abin da ya faru a can daga bakin Baffa na ji shi daga baya.

Ashe akwai abin da Baba ya sani wanda ba kowa ya sani ba. Ranar da aka raba gonar, mahaifin su Baba, wato kakanmu, wanda yake mai unguwa a lokacin, ya sa an binne tsohuwar tukunya cike da gawayi a kan iyakar, don gawayi ba ya ruɓewa. Baba ne ya auna wurin da ƙafarsa a ranar, taku sittin daga gindin wata ɗorawa zuwa gabas. An sare ɗorawar tuni, amma ya kai su daidai inda kututturen yake a ƙarƙashin ƙasa, aka tona aka gan shi. Baffa ya ce a nan mutane suka fara kabbara, masu rigimar ma suka sauke murya.

Sai Baba ya ce a sake shi. Ya juya gabas ya fara takawa yana ƙirgawa a fili, jama'a suna biye da shi. Ya kai sittin ya tsaya ya ce a tona. Aka tona har gwiwa, babu komai. Ya ce a mayar da shi gindin ɗorawar, wataƙila ya karkace. Ya sake takowa, rana ta fara zafi, yana jan ƙafar tana zana layi a ƙasa. Sittin. Aka tona, babu komai. Turken malamin gona kuwa yana can gaba, da 'yar tazara.

Baffa ya ce babu wanda bai gane ba. Takun saurayi ne aka binne tukunyar da shi, yanzu kuma ƙafa ɗaya ba ta ɗaguwa, kowane taku ya ragu. Amma wa zai faɗa? Can Baba da kansa ya nuna turken da haɓa ya ce a tona can. Ba a kai kamu ɗaya daga gindin turken ba fartanya ta daki tukunya, gawayi ya watso baƙi ƙirin. Masu rigimar suka dubi gawayin, suka dubi juna, babban ya ce, "Ranka ya daɗe, mun yarda." Aka yi addu'a aka shafa.

Wajen azahar suka dawo. Bakin wandonsa duk ƙaya, Inna ta durƙusa tana cirewa, wannan karon ba ta yi faɗa ba. Ya sha ruwa, ya yi salla a zaune. Ni dai na ji an ce an sasanta, har na yi masa barka, ya amsa a gajarce. Sai da Baffa ya ja ni gefe a zaure na biyu ya ba ni labarin. Ya ce, "Ki gaya masa, ni ya ƙi saurarata. In ba don shi ba wa ya san da tukunya? Mutanen nan da na kira su zaure na ce waya ta ce, wallahi da sai an kwana ana rigima. Gawayin suka yarda da shi, ba turken ba." Na ce to ai turken ma daidai yake. Ya ce eh, daidai yake. Muka tsaya muna kallon juna, ni da Baffa, kowa yana jiran ɗayan ya ƙarasa maganar.

Da la'asar Baba ya ce in kawo wayar. Na yi murna, na ɗauka an huce. Rundunar tana ƙetaren kogi, gaba kaɗan ga wata rundunar abokan gaba a bakin wani gari. Ya tura mutanenmu da kansa har suka haɗu. Maɓallan suka fito. Na gyara masa matashin don ya jingina wayar, kamar kullum.

Ya ce, "Wanne ne wanda ba sai an je ba?"

Ya san wanne ne. Mako biyu yana kauce masa.

"Baba, bari mu shiga mu gani mana. Ni zan riƙe maka mahayan."

"Auta, wanne ne?"

Na nuna masa. Ya ɗaga hannun dama, marar lafiyar, ya tallafe shi da na hagu, ya dangwala gaɓar yatsa a kai. Tuta ta tashi nan take. Lambar ja ta fito, goma sha tara. Tunda ya fara riƙe rundunar nan ba a taɓa yin yaƙin da aka rasa ƙasa da ɗari ba.

Ya daɗe yana kallon lambar. Sannan ya ce, "Kin gani. Sun fi tsira in ba na nan."

Ina da abin cewa. Ina so in ce dattawa fa, ai shi wannan maɓallin ne ya kashe su. Ina so in ce jiya ya ci, gobe zai iya zubar da rabin runduna ba dalili, ni na san halinsa. Ina so in faɗi saƙon Baffa, na tukunya da gawayi. Duk gaskiya ne. Amma goma sha tara ma gaskiya ce, ramuka biyun da aka tona a banza su ma gaskiya ne, kuma ni ce na fara nuna masa cewa ana iya ƙetare kogin ba da shi ba. Jaririyar ta farka ta fara kuka, na ji daɗin samun abin yi da hannuna.

Ya kira Inna ya ce ta buɗe akwatinsa ta fito da hatimin unguwa da littafin da ake rubuta haihuwa da rasuwa, a kai wa Baffa. Inna ta ce ya bari a kwana biyu mana. Ya ce ruwa ya kusa sauka, akwai sauran gonaki, kada a sa mutane jira. Baffa ya dawo da kayan har sau biyu, Baba ya mayar masa har sau biyu. A na ukun ya riƙe. A makon ruwan fari ya sauka, 'yan uwan nan suka yi shukarsu kowa a ɓangarensa, aka dasa sabuwar gamba a kan layin turken.

Na yi arba'in, aka yi mini kitso da lalle, aka mayar da ni Zoza da jaririya da garar da Inna ta haɗa. Ranar tafiya na ce zan bar masa wayar, maigidana ba zai ce komai ba. Ya ce in tafi da abata, ya gama yaƙi. Ya ɗaga amaryarsa da hannun hagu ya ce mata ta yi haƙuri, angon nata yanzu ba shi da ko unguwa. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, sannan na shiga mota na yi kuka har muka wuce kasuwa.

Na sha juya abin nan a raina, har yau ban kai ƙarshensa ba. Wani lokaci in ce da ban danna ba, da ya tafi gonar da ƙarfin zuciya, ya ga ramukan ya yi dariya ya ce tsufa ne, ya ci gaba da zamansa. Wani lokaci in ce ƙafar ce ta yanke, ba ni ba, kuma Baffa yana riƙe da unguwar lafiya, Baba ma hawan jininsa ya sauka tunda ya huta. Inna ta ce in daina ɗora wa kaina, wasan waya ne. Wataƙila ita ce da gaskiya. Sai dai na ga fuskarsa lokacin da lambar ta fito, ita ba ta gani ba.

Yarinyar yanzu tana gudu ko'ina, hannuwana biyu nawa ne. Gem ɗin yana nan, mun ci rabin taswirar. Maigidana yana danna oto ya wuce, ya ce shi gina garuruwa ya fi so, kuma rundunarsa ta fi tawa yawa kullum. Ni na dama nake dannawa. Ina amfani da bokan, ban kai Baba tsoron Allah ba, kuma ina sa doki a fadama. Amma ranar nan maigidana ya leƙo ya tarar na jera mutanena a kan wata siririyar hanya ana tsince su da kibiya, ga fili fetal dama da hagu.

Ya ce, "Ki bazu cikin alkamar mana. Ai ba a rage miki komai."

Na ce na sani.

"To me ya hana ki?"

Na ci gaba da tura su ɗaya bayan ɗaya ta kan hanyar.